Kyandirin Uwar Amarya

Shekara goma sha ɗaya Pyo Malsun ta yi tana ɓoye ciwon idonta, kuma ta iya ɓoyo. A kasuwar bakin ruwa ta Tongyeong, inda take da ɗan shagon ɗinkin barguna, an san ta da rufe shago tun rana ba ta faɗi ba, da tafiya tana kallon ƙasa. Sai ka ɗaga mata hannu daga gefe ta wuce ka kamar ba ta taɓa ganinka ba. Masu sayar da kawa suka ce girman kai ne, don ɗinkinta ya yi suna. Ta ƙyale su. Gara a ce mata mai girman kai da a ce mata makauniya.

Da dundumi abin ya fara mata, tun tana budurwa. Daga baya gefen ganinta ya dinga cinyewa a hankali, har ya zama duniyar da take gani ba ta wuce ta mai leƙe ta bakin kwalba ba. Likita ya ce tantanin da ke can bayan ido ne yake mutuwa kaɗan-kaɗan, gado ne, kuma ba shi da magani tukuna. Ɗan ganin da ya rage a tsakiya yana nan da kaifinsa, ya ishe ta bin layin zare. Mutum biyu ne suka san halin da take ciki: mijinta, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce, da 'yarta tilo, Boram.

Boram ce ta saka ta a wani zaure na waya mai suna Ƙaramar Taga, inda masu irin ciwonta suke haɗuwa, su wajen ɗari huɗu daga ko'ina a ƙasar. Yawancinsu da murya suke aika saƙo, don rubutu ya fi ƙarfin wasu. Kowa da laƙabinsa. Malsun ta zaɓi Allura, ta yi wata takwas ba ta ce uffan ba, sai saurare. Kullum da safe takan jingina wayar jikin kwandon zare tana ɗinki, tana jin su suna ba juna labarin wanda ya gaisa da turken fitila, da wanda ya zuba gishiri a shayi, da dabarar zuba ruwan zafi a kofi ba tare da an ƙone yatsa ba. Ranar da ta fara jin kanta tana dariya a kan abin da ta saba yi wa kuka, sai da ta ajiye allurar.

Mutum biyu ta fi sabawa da muryarsu. Akwai Malama Yuk, tsohuwar malamar makaranta a Gwangju, wadda ta buɗe zauren, ganinta kuma ya daɗe da tafiya gaba ɗaya. Akwai kuma Direba, wani dattijo mai yawan tsokana a Jinju, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙa motar haya ta cikin gari kafin ido ya sauke shi.

Abin da ya buɗe bakin Malsun a zauren shi ne bikin Boram. An sa rana, za a yi a Jinju, garin su ango, Taegon. Kowa ya san yadda biki yake farawa: a kashe fitilun ɗakin taro, uwar ango da uwar amarya su shigo tare, su bi doguwar hanyar nan da aka ɗaga a tsakiya, su hau dandamali, kowacce ta kunna kyandirinta. A cikin duhu kuwa, ko tafin hannunta Malsun ba ta gani.

Ta danna wayar, ta yi magana ta goge, ta sake yi ta goge. A karo na uku ta bari ya tafi.

“Sannunku. Allura ce, daga Tongyeong. 'Yata za ta yi aure wata mai zuwa. Surukanmu ba su san ina da wannan ciwo ba, kuma ba na son su sani. Ta yaya zan kunna kyandir ba tare da na faɗi ba?”

Kafin ta gama ɗinke layi ɗaya, saƙo ya haura talatin. Direba ne ya fara.

“Iye! Ashe Allura tana da baki? Ni na ɗauka 'yar leƙen asiri ce. Yaya, faɗa min sunan ɗakin taron. Jinju garina ne, ba lungun da ban taka da mota ba.”

Bayan kwana biyu sai ga shi ya aiko dogon saƙo yana haki. Ya je wurin da farar sandarsa, ya ce wa masu kula da ɗakin shi kawun amarya ne, ya sa sun kashe masa fitilu.

“Ki saurara da kyau. Daga ƙofa zuwa matakala taku talatin da ɗaya ne. Hanyar ta ɗaga kamar tsawon tafin hannu, ba ta da kariya a gefe, furanni ne kawai. Matakala uku, ta tsakiyar ta fi sauran tsawo, ita ta kusa kai ni ƙasa. In kin hau, teburin kyandir yana gabanki, naki jan yana hannun dama. Sannan za su dallara miki wata fitila a fuska, Yaya, ko mai ido huɗu sai ya ruɗe.”

Wata mata daga Incheon ta koya mata yadda za ta laluba lagwanin kyandir da yatsan hagu kafin ta kawo wutar. Wani ya ce ta rufe ido minti goma kafin a shiga, don ya saba da duhu. Sai da kowa ya gama Malama Yuk ta sa baki.

“Allura, duk abin da kika zaɓa za mu taya ki. In ɓoyo ne, mun ƙware, babu wanda bai yi ba a cikinmu. Abu ɗaya zan tambaye ki. Bayan biki akwai zagaye teburan baƙi, akwai bukukuwan shekara, akwai ranar da jika zai rarrafo ta gefenki. Su ma Direba zai je ya ƙirga miki?”

Haushi Malsun ta ji. Ta hau saman rufin gidanta inda take shanya, ta ja layi da alli, ta dinga ƙirga taku kowace safiya, idonta a rufe.

Boram ta same ta a haka wata ranar Lahadi.

“Mama, Taegon ya sani fa. Tun shekara biyu na gaya masa. Mamarsa kawai ta rage, kuma ke kika hana.”

“Taegon yaro ne, so ya rufe masa ido. Uwa daban ce. In ta ji kalmar gado, me kike zaton za ta fara tunani?”

“To ki bari ki riƙe farar sandar nan da ke cikin durowa. Shekara uku tana naɗe.”

“A gaban mutum ɗari biyu? Sauka ki ɗora mana miya.”

Akwai bargon da Malsun take ɗinka wa iyayen ango, kamar yadda gidan amarya yake yi. Wasu saye suke yi a kanti. Ita kuwa da hannu ta yi shi, shuɗin siliki da auduga a ciki, layi bayan layi, tsakaninsu bai kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba. Wata biyar ta yi a kansa. Ta san a ranta shi ne babban aiki na ƙarshe da idonta zai yarda ta yi.

Saura mako uku biki, uwar ango ta ce za ta biyo ta shago, tana da hidima a garin. Sunanta Bang Yonja, doguwar mace mai maganar kai tsaye, tana da kantin magani a Jinju. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, ranar cin abincin gabatar da iyaye, kuma ba su ɗauki juna ba.

Malsun ta share shago, ta dafa shayin sha'ir, ta sayo burodin zuma. Suka rusuna wa juna, suna kiran juna Sadon, yadda iyayen ma'aurata suke yi. Ta warware bargon a kan tebur. Bang Yonja ta shafa shi.

“Da hannu kika yi wannan?”

“Da hannu.”

“Ban taɓa ganin irinsa ba.”

Malsun ta ji daɗi har cikin ranta. Ta juya za ta ɗauko shayi, ba ta san matar ta miƙo mata wani akwatin kyauta ta gefen hagu ba. Gwiwar hannunta ta doke shi, akwatin ya faɗi, kwalbar da ke ciki ta fashe, ƙamshin man riɗi ya cika shagon. Ta sunkuya tana lalube a inda ba nan ne ba, gilashi na nan dab da ƙafarta.

“Sadon,” in ji Bang Yonja, muryarta ta canza, “ranar cin abinci na miƙo miki kofi kika ƙi karɓa. Na yi shiru. Yau kuma ga wannan. In akwai abin da ba ki so game da ɗana, ki faɗa min yanzu.”

Malsun tana durƙushe, hannunta cikin mai. Ƙarya uku suka zo mata baki, duk ta saba da su. Sai ta ji ta gaji. Ta miƙe, ta nemo fuskar matar da ɗan ganinta, ta tsaya a kanta.

“Ban ga kofin ba. Wannan ma ban gan shi ba. Yanzu haka fuskarki kawai nake gani, ba na ganin kafaɗarki. Idona yana mutuwa, Sadon. Wata rana zai tafi duka.”

Ta faɗa mata sunan ciwon. Mai kantin magani ce, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ta nemi kujera ta zauna.

“Gado ne ko?”

“Gado ne.”

“Boram fa? 'Ya'yan da za su haifa fa?”

Da shekara ɗaya baya ne, da Malsun ta sunkuyar da kai tana ba da haƙuri. Amma ta yi wata takwas tana jin yadda mutanen zaure suke amsa wannan tambayar.

“An duba Boram, idonta lafiya lau. Likita ya ce irin nawa ba kasafai yake fitowa a jika ba, sai in ta wajen uba ma akwai shi a ɓoye. Amma ba zan rantse miki ba, don ban sani ba. Laifina ɗaya, na ɓoye miki. Wannan na ba ki haƙuri. Ciwon kansa ba zan ba da haƙuri a kai ba. Da shi na raini yarinyar nan, da shi na ɗinka abin da ke gabanki.”

Bang Yonja ta miƙe, ta ɗauki jakarta. Ta ce za ta aiko a ɗauki bargon, ta rusuna, ta fita.

Kwana goma babu kira. Boram ta ce Taegon ya ce mamarsa ba ta yin maganar, kuma ba ta ce a fasa komai ba. Malsun ta ba zaure labari duka. Wasu suka yaba mata, wasu suka zagi matar. Direba ya ce a ba shi adireshin kantin ya je ya zubar da kwalabe bisa kuskure, ai makaho ne, wa zai kama shi. Malama Yuk ta tsawata masa.

A cikin kwanakin nan Malsun ta buɗe durowa ta fito da sandar. Tun da wadda take jin tsoro ta riga ta ji, sauran mutanen ba su dame ta ba. Wani ɗan zaure ya haɗa ta da mai koyar da tafiya da sanda a cibiyar makafi ta yankinsu, ta je sau huɗu. Ranar da ta fara ratsa kasuwa da ita, wata mai kawa ta saki wuƙar da ke hannunta.

“Maman Boram! Me nake gani haka? Tun yaushe?”

“Tun kina cewa ina da girman kai.”

“Wayyo ni! Amma ke muguwa ce. Kika bar ni ina ta zaginki a banza?”

“Ba a banza ba, girman kan ma akwai shi. Matsar da bokitinki daga hanya.”

Ranar biki ta zo. Malsun ta sa kayanta na gargajiya masu ruwan hoda, da 'yar rigar sama da ta ɗinka wa kanta. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin taro, sanda a hannun dama, tana jin hayaniyar baƙi ta ciki. Sai ta ji ƙarar siliki a kusa da ita.

“Sadon, ni ce. Ina hagunki.”

Malsun ta juya. Bang Yonja ce cikin shuɗi, fuskarta a ɗaure kamar kullum.

“Ga gwiwar hannuna, ki kama sama da ita kaɗan. Ba zan ja ki ba, an ce ba a ja. Zan riga ki da rabin taku. In mun zo matakala zan tsaya in faɗa.”

“Wa ya koya miki wannan?”

“Malamar nan taku ta Gwangju. Boram ta ba ni hanyar shiga ɓangaren 'yan uwa na zaurenku. Na yi musu tambayoyi har na ji kunya. Akwai wani direba a ciki, ba shi da ladabi ko kaɗan.” Ta gyara tsayuwa. “Ba zan ce miki tsoron ya bar ni ba. Amma na ji muryar mutanen da suka haifi 'ya'ya, suka aurar, suna ta rayuwarsu. Kuma na kwanta a ƙarƙashin bargon nan. Na kuma ce wa masu fitila kada su haska miki fuska, in sun yi za su gamu da ni.”

Aka buɗe ƙofa. Mai gabatarwa ya ce iyaye mata za su shigo. Malsun ta taka cikin duhun da ba ta ganin komai a cikinsa. Ta ji hayaniya ta ragu, ta ji wani raɗa-raɗa ya bi tebura, ta san sandar suke kallo. Ta ɗaga haɓarta. Bakin sandar yana shafa hanya dama da hagu, yana taɓa furannin gefe yana dawowa. Ta ƙirga talatin da ɗaya, matakala ba ta zo ba. Ashe da dogayen ƙafafunsa Direba ya auna. Da ita kaɗai ce, da a nan za ta ɗaga ƙafa ta taka iska. Sai a talatin da takwas sandar ta daki katako.

“Matakala, uku,” in ji Bang Yonja ƙasa-ƙasa.

“Na sani. Ta tsakiyar ta fi tsawo.”

Suka hau. Malsun ta saki hannun, ta jingina sandar a jikinta. Wata ma'aikaciya ta sa mata sandar kunna wuta a hannu tana neman riƙe mata wuyan hannu.

“Bari, 'yata, zan iya.”

Ta miƙa hannun hagu ta sami kyandirin, ta bi shi da yatsa har sama, ta taɓa lagwanin, ta janye yatsan kaɗan, ta kawo wutar. A tsakiyar ɗan ganinta wani ɗigon haske ya tashi, ya yi rawa, ya tsaya. Shi kaɗai take gani a ɗakin duka, kuma ta gan shi sarai.

Suka juya suka rusuna wa juna, suka rusuna wa jama'a. Tafi ya tashi. Daga can baya wata ƙatuwar murya ta ratsa shi.

“Allura! Haka ake yi!”

Mutane suka waiga, wasu suka yi dariya. Malsun ta cije leɓe don kada ta yi dariyar ita ma a kan dandamali.

Bayan an gama, mai hoto ya jera dangi. Ya matso da ladabi ya ce ko Mama za ta ba shi sandar ya ajiye a gefe, minti ɗaya kawai. Malsun ta ce a'a, da ita za a ɗauka. Boram, cikin farar rigarta, ta matso ta kama hannun uwarta ta matse.

A ɗakin cin abinci ta same su. Su bakwai ne suka zo, daga garuruwa huɗu, sun cika tebur guda, sandunansu a naɗe a gefen kwanukan taliya. Ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba, amma suna buɗe baki ta kira kowa da laƙabinsa. Direba ta ɗauka ƙato ne mai tumbi, sai ga wani siririn dogon tsoho da kwat ɗin da ya yi masa yawa.

“Kai ne ka kusa kashe ni,” ta ce. “Talatin da takwas ne.”

“Yaya, laifina ne da aka halicce ki guntuwa?”

Malama Yuk 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi. Ta miƙo hannu biyu, Malsun ta kama. Hannun ya bi ta kafaɗarta ya sauka a kan 'yar rigar, ya tsaya, yatsun suka fara bin layukan ɗinki ɗaya bayan ɗaya.

“Wannan aikinki ne?”

“Nawa ne, Malama.”

“Yatsana yana karanta shi kamar rubutu, babu layin da ya kauce. Ki gaya min gaskiya, da ido kike yin wannan ko da hannu?”

Malsun ba ta taɓa tambayar kanta ba.

“Rabi da rabi, ina jin. Kwanan nan hannun ya fi yawa.”

“To akwai mata a zaure da suka ajiye allura suna kuka. Ranar Laraba da safe za ki yi musu magana.”

“Ni? Ban iya magana ba.”

“Kin iya. Mun ji labarin abin da kika gaya wa surukarki, ita ma da kanta ta ba mu.”

Bang Yonja ta iso a lokacin, ta gaishe su ɗaya-ɗaya, ta tsallake Direba da gangan, shi kuwa ya yi ta ƙorafi. Ta ce baƙi suna jira, akwai tebur ashirin da ba a zagaya ba, kuma dangin mijinta daga Masan suna son ganin wadda ta ɗinka bargon. Malsun ta kurɓi ruwa, ta gyara ɗaurin rigarta, ta ce wa mutanen zaure kada kowa ya tafi sai ta dawo, akwai burodin zuma da ta kawo musu daga gida.